Kujerar da aka ƙera da bindigogi: wa ya yi ta, kuma irin wannan aiki zai yiwu a Sakkwato?

Ɗan Maƙera, Sakkwato:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni mai walda ne a cikin garin Sakkwato, kuma ƙira gadona ce, domin mahaifina da kakana duk a Maƙera Assada suka ƙare rayuwarsu suna ƙera hauya da lauje da gatari, ni ne na farko a gidanmu da ya ajiye zugazugi ya kama injin walda. Kwanakin baya wani yaron shagona ya nuna mini hoton wata kujera a wayarsa, wadda tun daga ƙafafunta har majinginarta babu komai sai bindigogi da aka yayyanka aka haɗa. Na daɗe ina kallonta da idon mai sana'a, na lura cewa wanda ya yi aikin bai ɓoye bakin waldarsa ba, bai kuma shafe ƙarfen da fenti ba, kamar da gangan yake so kowa ya gane abin da ƙarfen yake a da. Yaron ya ce an rubuta a ƙarƙashin hoton cewa wani ɗan Afirka ne ya ƙera ta domin kiran jama'a zuwa ga zaman lafiya.

Ina roƙon masana da ke wannan zaure su sanar da ni ko wane ne wannan mutum, da yadda aka yi bindigogi suka shiga hannunsa. Ina kuma son in san matsayin irin wannan aiki a addini, tun da mun tashi muna jin cewa ƙera mutum-mutumi haramun ne. Abin da ya fi damuna shi ne, ganin halin da 'yan'uwanmu na Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo suke ciki a hannun 'yan bindiga, ko mai sana'a irina yana da wata gudummawa ta wannan hanya, ko kuwa wannan aikin ƙasashen da suka riga suka huta ne.

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Maƙera. Kujerar da ka gani tana gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, wanda ya saye ta a 2002, kuma wanda ya ƙera ta a 2001 ɗan ƙasar Mozambik ne mai suna Cristóvão Canhavato, amma an fi saninsa da Kester. An haife shi a 1966 a yankin Zavala da ke kudancin ƙasar, ya yi karatun aikin gine-gine, daga baya ya shiga wata ƙungiyar masu fasaha ta birnin Maputo da ake kira Núcleo de Arte. Idan ka yi lissafi za ka ga yana da shekara 11 aka fara yaƙin basasa tsakanin gwamnatin Frelimo da 'yan tawayen Renamo a 1977, bai kuma ga ƙarshensa ba sai yana da 26, lokacin da aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu a birnin Rum ranar 4 ga Oktoba 1992. Kimanin mutum miliyan ɗaya ne suka halaka a wannan yaƙi. Ke nan ƙuruciyarsa da samartakarsa duka a cikin ƙarar harbi suka wuce.

Yadda bindigogi suka zo hannunsa shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Bayan sulhu, makamai masu ɗimbin yawa sun rage a hannun jama'a, wasu an binne su a daji, wasu a ƙarƙashin gado, domin babu wanda ya amince cewa yaƙin ya ƙare da gaske. A 1995 wani limamin cocin Angilika mai suna Dinis Sengulane, wanda yana cikin waɗanda suka yi faɗi-tashin kawo sulhun, ya ƙaddamar da wani shiri ƙarƙashin majalisar Kiristocin ƙasar na mayar da makamai kayan aiki. Tsarin kuwa mai sauƙi ne: ka kawo bindiga, ba a tambayarka inda ka samo ta, a ba ka keken ɗinki ko keken hawa ko fartanya ko kwanon rufi da siminti. Har akwai ƙauyen da ya tattara makamansa gaba ɗaya aka ba shi tarakta. Ba a ba da kuɗi ba, saboda wanda ka ba kuɗi a kan tsohuwar bindiga yana iya zuwa ya sayo sabuwa. Cikin shekaru kaɗan an tattara makamai da kayan yaƙi fiye da 600,000. Akan yanka su yadda ba za su sake harbi ba, sa'an nan a miƙa wani kaso ga masu fasaha na Maputo, Kester na cikinsu.

Kujerar ba ta wuce mita ɗaya da kaɗan a tsayi ba. Majinginarta bindigogi ne samfurin G3 na sojan Fotugal, wato na zamanin mulkin mallaka, sauran jikinta kuma akwai AK-47 da ire-irenta daga Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da aka ƙera a Afirka. A ganina hikimar Kester tana cikin zaɓen kujera. Ko'ina a nahiyar nan karaga alamar sarauta ce, to ga wata karaga da aka gina a kan bakin bindiga, a ƙasar da har yau akwai hoton AK-47 a tutarta. Duk mai mulkin da ya kalle ta ya san da shi ake. A 2005 an zagaya da ita makarantu da wuraren taruwar jama'a a Birtaniya, har da gidan yari.

Kester bai tsaya nan ba, domin shi da abokan aikinsa uku sun ƙera wata bishiya mai tsayin kusan mita uku da rabi, duka da guntayen makamai, wadda ita ma tana Landan. Akwai kuma Gonçalo Mabunda, haifaffen Maputo a 1975, wanda shi ma ya yi suna a duniya da kujeru da fuskoki na ƙarfen makamai, kuma sau da yawa mutane kan rikita aikinsa da na Kester.

Almajirin Zaure:

Allah ya saka wa Malamin Tarihi da alheri. Ni zan taɓa ɓangaren addini gwargwadon abin da muka karanta a gaban malamai, kuma ina shawartar ɗan'uwa ya kai maganar gaban malamin unguwarsu kafin ya fara komai.

Abin da aka hana shi ne surar abu mai rai. A mazhabarmu ta Malikiyya, surar mutum ko dabba mai jiki, wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, ita ce haramun. Amma tambayarka, Malam Ɗan Maƙera, an taɓa yin irinta tun zamanin sahabbai. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce shi da aikin hannunsa yake ci, kuma surori yake yi. Ɗan Abbas ya faɗa masa gargaɗin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda ya yi sura za a azabtar da shi a ce ya hura mata rai, ba kuwa zai iya ba. Da ya ga hankalin mutumin ya tashi, sai ya ce masa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiya da duk abin da ba shi da rai. Dubi yadda bai raba shi da sana'arsa ba, ya dai nuna masa inda iyaka take.

Don haka kujera ba ta shiga wannan hani ba, haka ma bishiya, sai dai in ja hankalinka cewa waccan bishiyar ta Mozambik an kewaye ta da tsuntsaye da wasu dabbobi na ƙarfe, kuma wannan ɓangaren ba namu ba ne. Mu da muke da dagin Arewa da zayyanar gidajen sarauta da rubutun Ajami, ba mu rasa abin ƙerawa ba. Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratul Hadid, aya ta 25, cewa ya saukar da baƙin ƙarfe, a cikinsa akwai ƙarfi mai tsanani da kuma amfani ga mutane. Maƙeri shi ne ke tsaye a tsakanin waɗannan biyun. Kuma ya zo a hadisin Muslim cewa wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe mala'iku suna tsine masa har sai ya daina, to ina ga wanda ya ɗana kunama.

Uwar Marayu daga Gabas:

Ina gaishe da malamai, kuma ina neman afuwa idan maganata ta yi ɗaci. Ni ina cikin waɗanda aka taso daga ƙauyukanmu na gabashin jihar nan, shekara huɗu ke nan ina zaune a Sakkwato da 'ya'yana da na ƙanen mijina da aka kashe a gona. Na karanta bayanin Malamin Tarihi sau biyu, kuma abin da na riƙe shi ne jerin shekarun da ya kawo: sulhu a 1992, karɓar makamai a 1995, kujera a 2001. Ashe kujerar ba ita ta kawo zaman lafiya ba, zaman lafiya ne ya haife ta. Mu kuwa har yanzu ba mu kai 1992 ɗinmu ba.

Ba yau muka fara ganin an baje bindigogi a gaban manya ana ɗaukar hoto ba. An yi sulhu a Zamfara a 2019, an yi a Katsina fiye da sau ɗaya, an nuna mana tubabbu a talabijin, ba a jima ba aka koma gidan jiya. Abin da mutanen ƙauye suke faɗa a tsakaninsu shi ne, wanda ya miƙa bindiga ɗaya ya bar uku a daji, kuma wadda ya miƙa ɗin ma babu wanda ya ga ƙarshenta. Idan akwai abin da ya burge ni a labarin Mozambik, yankan bindigar ne. Da a ce duk makamin da aka karɓa ana kawo shi tsakiyar kasuwa ranar da take ci, a kira mai walda irin wannan ɗan'uwa ya datsa shi gida uku a gaban waɗanda aka kashe wa maza, da na yarda cewa wannan ɗaya dai ba za ta sake dawowa ƙauyenmu ba. Bayan haka ko kujera aka yi da ita ko murhu, ni duk ɗaya ne a wurina. Amma kuma a kai ta Landan Turawa su riƙa kallo, wannan ban ga ribar da matan Mozambik suka ci a ciki ba.

Malamin Tarihi:

Hajiya, Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya raya marayu. Ba ni da ja a kan maganarki, har ma zan ƙara miki hujja: a Mozambik ɗin ma Renamo ta sake ɗaukar makami a 2013, sai da aka sake wata yarjejeniya a 2019, kuma tun 2017 lardin Cabo Delgado na arewacin ƙasar yake fama da wata sabuwar fitina. Abin da kika nema na yanka a bainar jama'a kuwa an yi makamancinsa kusa da mu. A Tumbutu, ranar 27 ga Maris 1996, an tara makamai kusan 3,000 na tawayen Abzinawa aka cinna musu wuta a gaban jama'a, aka kuma gina wata alama a wurin da ragowar ƙarafan a jikinta. A Agadas ma an yi haka a shekarar 2000. Waccan alama ta Tumbutu ta zauna a garin da abin ya faru, ba a kai ta Turai ba.

Ga Malam Ɗan Maƙera kuma, akwai wanda aikinsa ya fi kusa da gadon gidanku. Pedro Reyes na ƙasar Meziko ya jagoranci tattara bindigogi 1,527 a birnin Culiacán, aka narkar da su aka ƙera shebur 1,527, aka raba wa makarantu da jama'a domin a dasa itatuwa 1,527. Sai dai in gargaɗe ka da babbar murya: dokar Nijeriya ba ta yarda kowa ya ajiye bindiga ko sassanta ba tare da izini ba, ko da ta lalace. Makaman da aka ƙwace suna hannun hukuma, kuma tun 2021 akwai cibiya ta ƙasa mai kula da ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Irin wannan aiki sai ta hannun hukuma da sarakuna, kada ka kuskura ka karɓi ko ƙwanson harsashi daga hannun wani.

Ɗan Maƙera, Sakkwato:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganarki ta hana ni barci jiya, domin da na kalli hoton nan abin da na fara tunani shi ne kyan aikin, ban tuna da wanda aka harba da ƙarfen ba. Datsa bindiga gida uku da injin yankan ƙarfe ba zai ɗauke ni minti goma ba, kuma na san masu walda da yawa a garin nan da za su yi shi kyauta idan an kira su. Labarin shebur ɗin nan kuma na karanta wa baffana, wanda har yanzu yana zama a gaban uwar maƙera. Ya ce shi da sifirin ɗin tsohuwar mota yake ƙera hauya, kuma yana zaton ƙarfen bakin bindiga ba zai gaza shi ba, amma sai ya sa shi a wuta ya ji yadda yake amsa masaba kafin ya yanke hukunci. Zan fara da kai maganar wurin Sarkin Maƙera da limamin unguwarmu. Malamin Tarihi, idan kana da hoton waccan alama ta Tumbutu, don Allah ka saka mana a nan, ina so in ga yadda suka dasa ƙarafan a cikin siminti.