Gashin makwarwa yana yi mini yawa a kan ƙugiya, ina kuskuren yake?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina zaune a Lids, a arewacin Ingila, kuma wani dattijo maƙwabcina ne ya fara kai ni Kogin Wharfe kamun kifin tirawut da koton gashin tsuntsu, wato wanda ake ɗaurawa da hannu a jikin ƙugiya domin ya yi kama da ƙwaron ruwa. A hunturun da ya wuce na sayi kayan aiki na fara koyon Partridge and Orange, wanda kowa ke cewa ya fi sauƙi, tun da ba komai ba ne illa zaren siliki ruwan lemo da gashin makwarwar Turai guda ɗaya. Sai dai duk wanda na ɗaura, idan na ajiye shi kusa da na dattijon, sai in ga nawa ya yi buzu-buzu kamar tsohuwar tsintsiya, silin gashin kuma ya zarce ƙugiyar da nisa. Ƙugiya mai lamba 14 nake amfani da ita. Gashin ne ba shi da kyau, ko hannuna ne? Sannan gashin zabo zai iya maye gurbinsa?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na fi zaton gashin da ka saya na cikin leda ne, wanda ake tarawa a sayar da arha, kuma akasarinsa manyan gasu ne da suka dace da ƙugiya mai lamba 10, wadda ta fi taka girma. Ka daure ka sayi fatar tsuntsun gaba ɗaya, domin a bayansa, kusa da wuya, za ka sami ƙananan gasu ruwan ƙasa masu ɗigo-ɗigo, kuma su ne na wannan koto.

Idan ka zaɓi gashi, ka tsige laushin da ke gindinsa, sannan ka kama tsininsa da hantsaki ka shafo silin baya, ka ɗaure shi ta tsinin, ba ta gindin ba, saboda karansa ya fi siriri a can kuma ba zai yi maka tudu a bayan idon ƙugiya ba. Zagaye biyu ya wadatar, wasu ma ɗaya da rabi suke yi. Idan har yanzu ya yi yawa, ka tsige gefe ɗaya na gashin kafin ka naɗa. Ni ƙa'idata ita ce, idan na ɗaga koton ga haske ban iya ƙirga silinsa ɗaya bayan ɗaya ba, to na warware. Dalili kuwa shi ne, a cikin ruwa kowane sili yana motsi shi kaɗai kamar ƙafa ko fiffiken ƙwaron da ya nutse, amma idan sun cunkushe sai su manne da juna su zama dunƙule guda, kuma kifi ba ya ganin rai a jikin dunƙule.

Bakabe:

Na yarda da duk abin da Malam ya faɗa, sai dai ina ganin ya bar jikin koton, alhali a nan ma sababbin hannu suke ɓata aiki. Jikin gajere ne, yana tsayawa ne daidai saitin tsinin ƙugiya, ba a kai shi har lanƙwasa, kuma shimfiɗa biyu ce ta zare, ɗaya zuwa ɗaya dawowa. Tsofaffin masu ɗauri na Yokshaya, yankin da Lids da Kogin Wharfe suke, silikin kamfanin Pearsall's mai lamba 6A suke sa wa wannan koto, mai lamba 8 kuma ga wani koton da ake kira Snipe and Purple. Ba tsohon yayi ne ya sa ake nacewa a kan siliki ba: idan ya jiƙe yakan dushe ya koma wajen ruwan ƙasa, abin da zaren leda ba ya yi. Ka ɗan goga masa kaki kafin ka fara, don kada ya zame.

Tun da a Wharfe kake kamu, a gidan abin kake. T. E. Pritt ya tattara waɗannan kotuna na kogunan yankin a littafinsa na 1885, Edmonds da Lee kuma suka biyo baya a 1916, kuma har yau da waɗannan ake auna aikin mai ɗauri. Da bazara ta shigo za ka so ka koyi Waterhen Bloa, mai zare rawaya da gashin ƙarƙashin fiffiken kazar ruwa, wanda ake barbaɗa wa gashin dabba kaɗan ƙwarai, yadda rawayar za ta riƙa leƙowa.

Batun zabo kuwa, ana amfani da shi a manyan kotuna, amma silinsa ya fi tauri da tsawo, don haka a lamba 14 ba zai yi maka rawar da kake so ba. Gashin kaza mace ya fi shi kusa.

Tsohon Hannu:

Bakabe ya yi gaskiya, mantuwa ce. Abu ɗaya zan ƙara: yawanci uku ake jerawa a tsarkiya ɗaya, kuma mutane da yawa sukan jefa su gangare su bar ruwa ya ja su. Ana kamu a haka, amma ƙarfin ruwa yana kwantar da gashin a jikin ƙugiya. W. C. Stewart na Sikotlan tun 1857 yake kira da a fuskanci inda ruwa ke fitowa, a yi gajeren jifa, a ɗaga sanda a bar koton ya taho da kansa, kuma ni a nan na fi ganin amfanin gashi mai laushi.

Sabon Shiga:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Lallai na leda ne na saya, kuma zagaye huɗu nake yi, ta gindi kuma nake ɗaurewa. Daren jiya na sa reza na kankare ƙugiyoyi goma sha biyu, na sake ɗaura uku da gefe ɗaya a tsige, na jefa ɗaya a kofin gilashi na juya ruwan da cokali, sai ga silin yana buɗewa yana rufewa. Tsinin gashin ya tsinke mini sau biyu a bakin hantsaki. Akwai dabarar hana wannan?

Bakabe:

Ka sa ɗan guntun roba a bakin hantsakin, kuma ka rage ja. Nauyin hantsakin shi kaɗai ya isa.