Neman shawara: ɗaukar hoton kifin wel mai doro a Hervey Bay

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar hoto a kan ruwa. Ina karatu a Birisben, ƙasar Ostireliya, bana nake gamawa, kuma na ci alwashin ba zan koma gida ba sai na ga kifin wel mai doro da idona, wanda Turawa ke kira hambak. Abokan karatu sun ce Hervey Bay za ni, tafiyar kamar awa uku da rabi a mota arewa da nan. Na yi shekaru ina ɗaukar hoton biki da suna a Kano, to amma amarya in ka ce mata "ɗan juyo" za ta juyo, wannan kuwa ba ya jin magana. Nikon D5600 ce a hannuna, da lens biyu (gilashin gaban kyamara), 18-55mm da 70-300mm. Wani abokina ya ce zai ara mini doguwar lens mai jawo nesa, 150-600mm, wai in ba da ita ba, ɗigo kawai zan ɗauko a tsakiyar ruwa. In karɓi aron? Wane wata ya fi? Yaya zan saita kyamarar? Sannan maiɗakina da 'yarmu mai shekara biyar za su bi ni, ni kuwa ko kwalekwalen Tiga ban taɓa shiga ba.

Baffa Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Abban Hanifa, ka yi wa abokinka godiya ka bar masa kayarsa. Sau uku ina zuwa wurin, kuma zuwan farko irin wannan doguwar lens ɗin na ratayo, ina ta taƙama. Muna isa Platypus Bay, inda ake kallonsu, matuƙi ya kashe inji, sai ga matasan wel biyu sun nufo mu, suka yi ta zagaya jirgin kusan rabin awa, ɗaya har yana ɗago kai tsaye yana leƙenmu. Ni kuwa duk inda na saita sai baƙar fata ta cika mini ido, kyamara ta ƙi kama fokas. Yarinyar da ke gefena da wayar hannu ta fi ni hoto ranar.

Dalili shi ne wurin ba kamar sauran wurare ba ne. Kifayen wel ɗin suna haihuwa a ruwan ɗumi na arewa, sannan a hanyarsu ta komawa Antatika suke ratsewa su huta a wannan lungu, saboda tsibirin K'gari, wanda a da ake kira Fraser, ya tare musu igiyar babban teku. Ba wucewa suke yi ba, zama suke na kwanaki. Doka ta hana jirgi matsawa kusa da su ƙasa da mita 100, amma ba ta hana su zuwa wurin jirgi ba, kuma suna zuwa. Dabba mai tsawon mita 14 ko 15 in ta tsaya a gindin jirginka, 600 ba ta da amfani. Ka ɗaura 70-300 ɗinka, a irin kyamararka ƙarshenta daidai yake da 450 a babbar kyamara, ya ishe ka. In sun matso, ka sake ta a wuya ka zaro waya. Kada ka kuskura ka ce za ka canza lens a saman jirgi, feshin gishiri zai shiga ciki, D5600 kuwa ba a yi mata kariyar ruwa ba.

Wata kuma, daga ƙarshen Yuli zuwa Oktoba ake yi. Agusta na matasa ne masu son leƙe-leƙe, Satumba da Oktoba na uwaye da 'ya'yansu. Ka ɗauki fitar safe daga tashar Urangan, ruwa ya fi kwanciya kafin iska ta taso.

Ɗan Zangon Boston:
Baffa, a gafarce ni, ni ban yarda a raina doguwar lens gaba ɗaya ba. Mu nan Amurka, wani wuri a teku mai suna Stellwagen Bank muke zuwa daga Boston, tsakanin Afrilu da Oktoba, kuma sau da yawa abin kallon yana can nesa. Ci suke zuwa yi a nan. Za ka ga kumfa ta yi zobe a kan ruwa, tsuntsaye sun taru suna ihu, to ka saita can, nan da daƙiƙa kaɗan za su ɓullo baki buɗe. Ba don 400 da nake riƙe da ita ba da ban samu komai ba.

Baffa Mai Hoto:
Gaskiyarka ɗana, a wurinku. Nasu na can hutu suke yi, ba kiwo ba, ba zai ga zoben kumfa ba balle ya bi tsuntsu. Kuma ka tuna mutumin bai taɓa hawa ruwa ba. Lens mai nauyin kilo biyu, jirgi na rawa, ga yarinya a hannu. Haba.

Maman Ilham:
Duk kun tsaya kan lens kun manta da cikin mutum. Abban Hanifa, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na taɓa biyan kuɗin irin wannan tafiya na ƙare a kwance da leda a hannu, ban ga ko jela ba. Maganin jirin jirgi kafin a hau ake shansa, kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, in amai ya riga ya taso an makara. Wasunsu na sa barci, don haka ka je kantin magani ka faɗa musu kai za ka tuƙa mota komawa, ka kuma faɗi shekarun Hanifa, kada ka gutsura mata naka. In Maman Hanifa na da juna biyu a tambaya tukuna. Ku karya da abu mara maiƙo, kada ku hau da yunwa, ku riƙe citta ko alewarta. Ku zauna a waje wajen tsakiyar jirgi, ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa. Kai musamman, manna ido a kyamara da duba hotuna a allo su ne ke kawo jiri da wuri. Ku tafi da rigar sanyi da hula, Agusta ƙarshen hunturu ne a can, iskar teku ba ta wasa.

Sadauki 300mm:
Ga saiti a taƙaice. Ka sa ta a M, wato saitin hannu, saurin shota 1/2000, buɗin ido f/8, ka bar ISO, wato ƙarfin kama haske, ta zaɓa da kanta. In gari ya yi lumshi ka sauko 1/1000, kada ka yi ƙasa da haka, domin kai kana motsi, jirgi na motsi, shi ma yana motsi. Fokas AF-C, mai bin abu yana motsi, ɗauka kuma a jere, taka na yin biyar a daƙiƙa. Amma in RAW kake ɗauka, wato ɗanyen hoto mai nauyi, tana saurin cikewa ta tsaya tana nishi, saboda haka kada ka danne tun yana nesa, ka jira abin ya fara. Ka rage haske kaɗan, kamar -0.7, don farin cikinsa da farin kumfa suna ƙonewa a rana, kamar dai farar shadda a hoton biki, ka san wannan. Tirayifod, mazaunin kyamara mai ƙafa uku, ka bar shi a gida, girgizar inji yake kwasowa. Ka buɗa ƙafa, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari. Batir biyu, memori biyu.

Baffa Mai Hoto:
Saitin Sadauki daidai ne, sai dai saiti ba ya ɗaukar hoto in ba ka san inda zai ɓullo ba. Minti goman farko kada ka ɗauki komai, ka yi kallo. Ba kifi ba ne na gaskiya, da huhu yake numfashi, yana shayar da ɗansa nono, don haka dole ya fito. Za ka ga feshi ya tashi sama kamar mita uku, ya yi numfashi uku ko huɗu a jere, kowanne da ɗan nutso gajere. Ka lura da inda ya dosa, ka saita gabansa, ba inda ya nutse ba. In ka ga ya gantsare baya fiye da na baya, doron ya fito sosai, to dogon nutso zai yi, jela na tafe. Nan ne za ka danna. Daga nan ka huta, zai iya yin minti biyar zuwa goma. Ruwan wurin ba shi da zurfi sosai, ba kowane nutso suke ɗaga jela ba, kada ranka ya ɓaci.

Tsallen nan da kowa ke mafarki, na farko kusan kullum yana wuce mutum. Kada ka tsaya salati kana duban allo. Wanda ya yi tsalle sau ɗaya yakan maimaita, musamman 'ya'yan, sai ka ja zum baya zuwa kamar 150, ka bar fili, idanu biyu a buɗe, ka jira. Ka matsa kusa da mai bayani na jirgin ka kasa kunne, da agogo suke kwatance, goshin jirgi ƙarfe 12, dama ƙarfe 3. Sannan in ya yi feshi kusa da kai ka juya kyamara ƙasa. Numfashin nan wari gare shi kamar ruɓaɓɓen kifi, ga maiƙo, in ya hau gilashi sai ka wahala.

Malama Uwani:
In Allah ya ba ka hoton ƙarƙashin jela a sarari, kada ka bar shi a waya. Zanen baƙi da fari da ke wurin kowanne da nasa, kamar zanen yatsa. Ka ɗora a shafin intanet na Happywhale da rana da wurin da ka ɗauka, in an taɓa ganinsa za su nuna maka inda aka gan shi. Kuma ka gaya wa Hanifa cewa waɗannan saura ƙiris a ƙarar da su. Tashar farautarsu ta Tangalooma, nan kusa da ku, ta kashe sama da 6,000 daga 1952 zuwa 1962, har suka koma 'yan ɗaruruwa a gabar gabashin Ostireliya. Yanzu sun haura 30,000. In kun dawo gida ma ba ku rabu da su ba, wasu na zuwa gabar Gabon har zuwa wajen Kwatano a irin waɗannan watanni.

Abban Hanifa:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na fasa aron, mun tsayar da tsakiyar Agusta, fitar safe. Maman Ilham, uwargida ta ce a miƙa godiya. Baffa, saura ɗaya: filtar kashe ƙyallin ruwa da nake da ita, in ɗaura ko in bari?

Baffa Mai Hoto:
Ka sa ta a aljihu. Tana cin haske kusan ninki uku, za ta sa ISO ta hau ko ta tilasta maka ja shota ƙasa lokacin tsalle. Amma in sun zo gindin jirgi rana na sama, ɗaura ta ka murza a hankali, za ka ga dukan jikinsa a ƙarƙashin ruwa har da dogayen fikafikan nan farare. Da kun sauka ka goge kyamarar da tsumma mai ɗan danshin ruwan famfo kafin ta shiga jaka.