Don Allah a ba ni shawara kan horaswar ƙungiyarmu ta masu harkar littattafai

Sakatariya: Assalamu alaikum. Ni aka ɗora wa tsara horaswa da taron sada zumunci na shekara mai zuwa, kuma wallahi kaina ya ɗaure. Ba ni na nema ba, wanda yake riƙe da aikin ne ya ajiye bayan saɓanin da aka samu kan rajista, shugaba ya kira ni ya ce in taimaka tunda ni ke rubuta bayanan taro, na ce ayyuka sun min yawa ya ce ba wanda zai karɓa sai ni, ga shi har yau tsohon bai miƙa min takardun ba. Na tsara zama huɗu: gyaran rubutu, ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya) da haƙƙin mallaka, yarjejeniyar marubuci da mai wallafa, sai sayarwa ta intanet. Ina so mu buɗe ranar 23 ga Afrilu, ranar littafi da haƙƙin mallaka ta UNESCO. Abin da ke damuna shi ne duk taron da muka kira marubuta gefe guda, masu injin buga littafi gefe guda, kowa ya tashi da wanda ya zo da shi. Ya zan yi?

Alhaji mai injin: Wa alaikumussalam. Hajiya soke duka ki fara da shirya fayil. Mutum zai kawo littafi a Word, bango a RGB (tsarin launin allon kwamfuta) alhali injin da CMYK (tsarin launin tawadar bugu) yake aiki, hoto bai kai dpi 300 ba (ma'aunin ingancin hoto), ba a bar milimita 3 na yanka a gefe ba, in launi ya fito daban a ce mun cuce shi. Ki kawo su gaban injin su gani da idonsu, zumuncin ma a nan zai ƙullu.

Edita: Alhaji fayil mai kyau da rubutu mai kurakurai ina amfaninsa? Mu ne ake rainawa, a turo maka shafi 200 a ce ka ɗan duba kafin gobe, kamar gyara waƙafi ne kawai. Ko sunanmu ba a sawa a littafin.

Wani marubuci: Ni dai yarjejeniya. Na ba wani kamfani littafina, har yau ban ga lissafin kwafi nawa aka buga ba balle nawa aka sayar.

Mai zanen bango: Nawa ke asusu, kuma wa zai koyar? Ba ki faɗa ba. Kan haɗa mutane, a bajekolin littattafai na Frankfurt ta Jamus da ake yi duk Oktoba tun kafin a je ake tsayar da ganawa, rabin awa rabin awa. Ki tambayi kowa wa yake son gani ki haɗa su bibbiyu.

Alhaji mai injin: Can haƙƙin fassara ake ciniki ɗana, mu nan wani bai san ISBN ya koma lamba 13 tun 2007 ba, bai san mai bango mai tauri da mai laushi kowanne da lambarsa ba. Lamba ɗaya zai manna a littafi uku.

Sakatariya: To ai shi ya sa na sa ISBN a ciki Alhaji. Kuma ba zan iya soke tsarin ba, na riga na nuna wa shugaba ya amince. Haɗa mutane bibbiyu kuma ina tsoron manyanmu su ga an raina su.

Edita: Manyan da ba sa zuwa sai an gama?

Alhaji mai injin: Ƙofata a buɗe take, ranar Asabar ba ma aiki sosai. In ba za a fara da fayil ba kada a sa sunana cikin masu koyarwa.

Mai zanen bango: Hajiya har yanzu ba ki ce nawa ke asusu ba.

Sakatariya: Takardun suna wajen tsohon. Akwai mai kusanci da shi a nan ya yi masa magana?