Reshen diragon 8 a tsakar gida: in dasa a bazarar nan ko in jira damina?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wani abokin aikina ya kawo mini reshe 8 na itacen nan mai hawa da ake kira diragon, wanda wasu ke ce wa fitaya, kuma yau kwana 5 ke nan suna jingine a zaure, domin ya ce kada in sa su a ƙasa sai bakin yankan ya bushe. Tsakar gidana ba ta da faɗi. Akwai bango mai fuskantar yamma wanda rana ke duka daga azahar har sakaliya, akwai kuma gefen da dalbejiya ke yi wa inuwa rabin yini. Ga shi muna tsakiyar Maris, kuma ruwa wurin 'yan ga-ruwa nake saya. Abin da nake so in sani abu biyu ne: shin in dasa yanzu ko in haƙura sai ruwan Yuni ya sauka, sannan in bar shi ya hau bangon ko kuwa lallai sai na zuba turakun siminti? Wanda ya taɓa reno da hannunsa ya taimaka mini.

Dattijo daga Zuru:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na ga hoton da ka sa, kuma wannan ai ɗan'uwan ƙerana ne. Mu a nan da ita muke shinge tun kaka da kakanni, ba mu taɓa ba ta ruwa ba, ba mu taɓa kafa mata turke ba. Ka soka shi a ƙasa ka manta da shi, zai kama da kansa.

Malamin gona mai ritaya, Argungu:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi mini izini in gyara. Kama ce kawai ta haɗa su. Ƙerana tana da farin nono mai ƙuna wanda ke cutar da ido, diragon kuwa ba shi da wannan nono, kuma ba dangi ɗaya ba ne. Asalinsa daga kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, inda yake hawan itatuwa da duwatsu yana riƙe su da saiwoyin da ke fita a jikin reshensa. Wato tun asali ya saba da ɗan inuwa da ɗan laima, ba itacen hamada ba ne. Idan zafi ya haura digiri 38 zuwa 40, reshen yakan ƙone ya koma rawaya, shi ya sa manoman Isra'ila suke noma shi a ƙarƙashin raga mai tare rana. Watan Afrilu a Kebbi kuwa kowa ya san yadda yake.

Manomi daga Bunza:
Ɗan'uwa mai tambaya, shawarata ita ce ka mayar wa abokinka kayansa. Ni na shiga wannan harka a farkon 2020 bayan na ga hotunan gonakin Biyetnam a waya, layi-layi, 'ya'ya jajaye sun sauko kamar an jera su. Na sayar da bijimi, na sayi reshe 240 a kan naira 1,500 kowane ɗaya daga wani mai sayarwa ta intanet, na kafa dirka 60 a gefen fadamata, reshe 4 a kowace dirka, kamar yadda ya koya mini. Kafin wata 3 gara ta cinye gindin dirka fiye da 20, suka zube da abin da ke kansu. Waɗanda suka tsaya, rana ta gasa su har suka yi taushi kamar dafaffiyar kabewa. Ina cikin jinyar waɗannan sai ambaliyar da ta cinye shinkafar Kebbi a wannan shekarar ta zo, ruwa ya kwanta a wurin kwana da kwanaki, da ya janye na iske gindinsu ya ruɓe yana wari. Reshe 11 kawai suka tsira. Na kwashe su na mayar gida, na yi ta wahala da su shekara 2, suka yi fure mai kyau har sau 3, amma kowane fure sai ya bushe ya faɗi ba tare da ya ƙulla ɗa ko ɗaya ba. Mutumin da ya sayar mini kuwa, tun ranar da na aika masa hoton farko ya daina ɗaukar wayata.

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Sai dai ni a cikin gida zan dasa, kuma ƙasar tsakar gidana jigawa ce, ruwa ba ya kwanciya.

Manomi daga Bunza:
Ni ma da na mayar da su gida ai ba su haihu ba. Fure kawai za ka ci?

Hajiya, unguwar Gesse:
Malam na Bunza, na ji zafin abin da ya same ka, amma ina ganin ba laifin itacen ba ne kaɗai. Ni ina da turke 2 a bayan ɗakina shekara 4 ke nan, kuma bara na cire 'ya'ya fiye da 30. Da naira 5,000 na sayi kowane reshe, saboda haka idan kai a kan 1,500 aka ba ka, ina shakkar irin abin da aka ba ka. Akwai irin da cikin ɗansa fari ne, wanda yakan ƙulla 'ya'ya shi kaɗai, akwai kuma wasu da cikin ɗansu ja ne, waɗanda ba sa ƙullawa sai an kawo musu garin fure daga wani iri daban. Idan duk reshenka daga uwa ɗaya aka yanko su, kuma irin na biyun ne, to ko shekara 10 za su yi suna fure ba za ka ga ɗa ba.

Ni ranar da na fara ganin furen ba zan manta da ita ba. Kusan mako 3 ina kallon ƙunshin yana girma, har ya kai tsawon tafin hannu da rabi. Da la'asar na lura bakinsa ya ɗan saki. Bayan isha'i na fito da fitila na iske ya fara buɗewa a hankali, kafin ƙarfe 11 ya buɗe gaba ɗaya, fari fat, faɗinsa kamar faifai ƙarami, cikinsa cike da zare-zare masu ruwan ƙwai, ƙamshinsa ya cika tsakar gida har maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko turare na kunna. Da hantsi ya riga ya langwaɓe, domin dare ɗaya tak yake yi. A ƙasarsu jemagu da manyan ƙwarin dare ne ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan, ni kuwa ba na jiran su. Auduga nake naɗawa a tsinke, in shafo garin, in goga a kan dogon bakin nan da ke tsakiyar furen. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ɗan yakan yi ja, a cire shi.

Matashi daga Jega:
Ashe amarya ce, Hajiya, da dare ake kawo ta kuma ba ta son rana. Mai tambaya ya fara tanadin lefe kafin ya yi maganar turke.

Malamin gona mai ritaya, Argungu:
Abin da Hajiya ta faɗa game da garin fure daidai ne. Zan ƙara da cewa itacen yana fure ne a watannin da yini ya fi tsawo, shi ya sa a yankin Binh Thuan na Biyetnam manoma ke kunna fitilun lantarki a gonaki da dare don su sa shi fure ba a lokacinsa ba. Turke kuma ya zama na siminti, ya fito daga ƙasa kamar mita 1.5, a ɗora tsohuwar taya a kansa, domin sai reshe ya kai sama ya zubo ƙasa sannan yake yawan fure, kuma nauyinsa bayan shekara 3 ko 4 ba abin da dirkar itace za ta ɗauka ba ne.

Manomi daga Bunza:
Malam, da girmamawa, turke nawa ka taɓa kafawa? Lokacin da gara ke cin nawa ban ga malamin gona ko ɗaya a fadamata ba. Karatun Biyetnam da Isra'ila ne ya kai ni inda nake. Hajiya ma turke 2 gare ta a inuwar ɗaki, ni 60 na kafa a fili, saboda haka ina ganin a nan wurin ni ne na fi kowa sanin halin wannan itace.

Hajiya, unguwar Gesse:
Gaskiya ne ka fi ni yawa, Malam, amma mai tambaya reshe 8 gare shi a tsakar gida, lamarinsa ya fi kama da nawa. Ƙanena, ni a watan Yuni na dasa nawa, amma reshen bai zauna wata 3 a zaure ba. Da ni ce, da na sa su a bokitai masu huji a ƙasa, in haɗa yashi da ruɓaɓɓen takin shanu, in binne gindin kamar tsawon yatsa kawai, in ajiye a ƙarƙashin dalbejiyar nan ina ba su ruwa kaɗan duk bayan kwana 3 ko 4, sai ƙasar ta bushe kafin in ƙara. Ka kula kada ka juya reshen, ɓangaren da aka yanko daga uwa shi ne ƙasa. Kuma ka tare awaki, domin nawa sun taɓa cinye sabon toho a yini ɗaya.

Mai sayar da itatuwan dashe, Yauri:
Ban gane waɗannan farashin ba. Naira 5,000 a kan reshe ɗaya zalunci ne, 1,500 kuma a 2020 ba arha ba ce. Duk mai turke 10 yana aske reshe ya zubar kowace shekara, ni a kan 2,500 nake bayarwa da saiwarsa, wanda ya zo da kansa ma ina ƙara masa ɗaya. Inda ake cutar mutane shi ne sayar musu da ƙwayar iri a 'yar takarda. Reshe yakan haihu cikin shekara 1 zuwa 2, ƙwaya kuwa tana iya kai mutum shekara 5 ko fiye yana jira, kuma ba lallai ta yi kama da uwarta ba.

Matashi daga Jega:
Wannan ya faru da yayana, sai dai shi dabino ne. An sayar masa da dashe 40 da sunan irin Saudiyya ne kuma duk mata ne, bayan shekara 6 fiye da rabi suka fito maza.

Manomi daga Bunza:
To ka ji. Matsalar ke nan, babu wanda ke duba masu sayar da dashe ta intanet. Mutum zai ɗauki hoton gonar wani a wata ƙasa ya ce tasa ce, ka tura kuɗi, a ɗoro maka buhu a motar haya, direba ya ajiye a tasha cikin rana kwana 2. Idan abu ya lalace ba ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba.

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, Hajiya, gobe zan nemi bokitan. Amma har yanzu ban ji maganar bangon ba. Idan na bar shi ya hau, saiwoyin nan za su ɓata shafen siminti? Kuma zafin da bango ke riƙewa bayan faɗuwar rana zai cutar da shi?

Dattijo daga Zuru:
Ni ma an taɓa kawo mini mangwaro da sunan mai aure ne, na rene shi shekara 7, da ya haihu sai ga ɗan ƙanƙane mai zare. Wanda ya sayar mini a kasuwa ne ma, ba ta waya ba, kuma har yau muna gaisawa.

Mai sayar da itatuwan dashe, Yauri:
Baba, wannan mai sauƙin ganewa ne, mangwaro mai aure yana da tabon haɗi a ƙasan kara, duk wanda ba shi da shi kada a karɓa. Malam na Bunza, reshen nan 11 suna nan har yanzu? Idan suna nan, ka turo hoton furen da na ƙayar da ke gefen reshen, ina so in ga ko wane iri aka ba ka.