Farin ɓawo yana toshe mana famfo, mene ne magani?

Mai tambaya, Ringim: Assalamu alaikum. Ruwan burtsatsenmu ba ya kama sabulu, ga wani farin ɓawo kamar alli a bakin famfo da gindin butar lantarki. Shawa ma yanzu ɗiga kawai take yi. Alam zai yi maganinsa?

Mai aikin famfo, Gumel: Wa alaikumussalam Malam. Alam laka yake kwantarwa, ba ruwansa da wannan. Fara kankaro ɓawon ka matsa masa lemun tsami. Idan ya yi kumfa, sinadarin kalsiyam ne da ruwan ya narko daga ƙarƙashin ƙasa. Idan kuwa tabon ja ne, ƙarfe ne, maganinsa daban.

Kwance kan shawar da 'yar ragar bakin famfo, ka jiƙa su a binega (wato ruwan khal) da ruwa rabi da rabi na awa 2, ka bi ramukan da allura, ka ɗauraye. Buta kuma, tafasa wannan haɗin a ciki, ka bari ya huce. Sau ɗaya a wata ya isa. Kada ka kusanto da ruwan batir, yana cin ƙarfe, kuma kada binega ta haɗu da Hypo, iskar da ke tashi guba ce.

Mai haɗa sola, Bichi: Ƙari a kan maganar Oga: zafi ne ke sa ɓawon fita daga ruwa ya manne. Shi ya sa buta da hita suka fi shan wahala. Mai hita ya tsayar da ita a digiri 60. Tanki a yi masa rumfa, fayif a binne shi, kada a bar shi kwance a rana. A riƙa duba bawul mai ƙwallo na cikin tanki, in ya ƙage sai ambaliya.

Mai aikin famfo, Gumel: Haka ne. Fayif ɗin ƙarfe da ya riga ya cushe kuwa, Malam, kada ka ɓata kuɗinka wajen wanke shi. Cire shi ka sa na roba, cikinsa sumul ne, ɓawo ba ya saurin kama shi. Babban layi inci 1, rassa rabin inci. Matatar nan mai farin kyandir yashi kawai take tarewa. Wadda ke cire kalsiyam ita ce mai ƙwayoyin rezin (wasu 'yan ƙwayoyi ne kamar na roba) da ake farfaɗowa da gishiri, amma tana da tsada.

Mai tambaya, Ringim: Na gwada lemun, ya yi kumfa sosai. Allah ya saka da alheri.