Saba ɗaya ta mamaye adireshin IP da yawa: me kuka tarar?

Mai tambaya, Zoo Road: Salamu alaikum 'yan'uwa. Netwok na 192.168.1.0/24 ne, rautar MikroTik ke raba adireshi da kanta (wato DHCP) daga .100 zuwa .200. Saba an ba ta .10 da hannu, amma ga ta riƙe da wasu adireshin, har kwamfutoci biyu na kukan karon adireshi. Wanda ya taɓa gamuwa da haka ya taimaka.

Mai gyara, Farm Centre: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa komai sai ka duba lambar MAC (lambar shaidar katin netwok) da ke gaban kowane adireshi. Buga `arp -a` daga wata kwamfuta, sannan ka buɗe jerin Leases na rauta, wato jerin adireshin da ta bayar. In lambobin sun bambanta, ba sabar ce ba, baƙin da ke cikinta ne, wato injinan manhaja (virtual machines) da ke gudu a kanta: 00:15:5D na Hyper-V ne, 00:50:56 da 00:0C:29 na VMware, 08:00:27 na VirtualBox, 52:54:00 na KVM. Haka iDRAC na Dell ko iLO na HP, masu ba da damar sarrafa saba daga nesa: in an saita su bi kafar waya ɗaya da sabar, suna karɓar nasu adireshin ko da sabar a kashe take, muddin wuta na shiga.

Injiniya, Bompai: Windows Server ce? To duba Routing and Remote Access. Da zarar an kunna VPN (hanyar shiga netwok daga waje) a kai, yakan karɓi adireshi 10 a lokaci guda daga DHCP, ya riƙe na farko, ya ajiye sauran don masu shigowa daga waje, ko babu kowa. In sun ƙare ya ƙaro 10. A DHCP na Windows za ka ga RAS a gurbin shaidarsu. Shiga Properties, shafin IPv4, ka zaɓi Static address pool, ka ba shi .210 zuwa .220, wajen iyakar rabon rauta. Goge tsofaffin kawai ba ya magani, suna dawowa.

Mai tambaya: Ubuntu ce, Yallaɓai. Kuma MAC ɗaya ce a gaban dukkansu.

'Yar Tarauni: To yanzu magana ta fito. Buga `ip -br addr` a kan sabar. In ka ga wasu adireshi biyu ban da .10 a kati ɗaya, masu neman DHCP biyu ne ke aiki tare, galibi dhcpcd da systemd-networkd, kowanne da shaidar da yake gabatarwa, sai rauta ta ɗauke su injina biyu. Kashe ɗaya da `systemctl disable --now dhcpcd`, amma kana zaune gaban injin. Ta SSH, wato shiga daga nesa, kana iya rufe kanka a waje.

In kuwa .10 kaɗai ka gani, proxy ARP ne, kuma shi ya fi ɓarna domin ba ya fitowa a Leases. ARP shi ne tambayar "wa ke da wannan adireshi?" a netwok, sabar ce kuma ke amsa "ni ne" ga adireshin da ba nata ba.  Duba `sysctl -a | grep proxy_arp`. Duk inda ka ga 1 mayar da shi 0, ka rubuta a /etc/sysctl.d/ don kada ya dawo in an ɗauke wuta. Duba netmask (mai nuna iyakar netwok) ma: /25 a maimakon /24, ga hanyar fita ta wani katin, zai sa ta amsa wa .128 zuwa sama.

Injiniya, Bompai: Gaskiyar Hajiya. Ƙari ɗaya: kati biyu a suwic ɗaya, Linux na amsa ARP ta kowannensu. Sa `arp_ignore=1` da `arp_announce=2`, ko ka zare waya ɗaya. Bayan gyara, bar `tcpdump -e -n arp` yana gudu, ka kashe kwamfuta ɗaya, ka nemi adireshinta da `arping`. In shiru, an gama.

Mai tambaya: `proxy_arp` na kan 1 a katin eno1, tsohon saitin VPN ne. Na mayar 0, na share ARP na rauta, karon ya tsaya. Allah Ya saka da alheri.