Hanukkah ko Chanukah: wanne zan rubuta a katin?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a arewacin Manchester, wajen Prestwich, inda Yahudawa suke da yawa. Akwai wata dattijuwa da nake zuwa wurinta, mace mai karamci, sallah ba ta taɓa wucewa ba ta ajiye mini kati da alewar yara ba. To bikinsu na kunna fitilu ya matso, ina so ni ma in kai mata kati da rubutun hannuna.

Da na je kanti sai kaina ya ɗaure. Wannan kati an rubuta Hanukkah, na gefensa Chanukah, wani Chanukkah, wani kuma Hanukah da k ɗaya. A allon majami'ar unguwar Chanukah na gani, BBC kuma Hanukkah take rubutawa. Wanne ne daidai? Akwai wanda in na rubuta za ta ga kamar na yi wa bikinta riƙon sakainar kashi? Sannan yaya ake furta shi, da "ca" ake farawa ko da "ha"? Ba na son in tambaye ta, so nake kawai ta ga katin a hannunta.

Malam Sabi'u:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan kyautata wa tsohuwa. Ki kwantar da hankalinki, suna ɗaya ne da Ibrananci, a haruffan boko ne ya rarrabu. Wanda ya yi karatun allo zai gane abin da sauri, don Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne.

A rubutun yau da kullum kalmar haka take: חנוכה, daga dama zuwa hagu. Harafin farko sunansa het, shi ne ɗan'uwan ha ƙarami (ح) na Larabci. Yahudawan Yemen da na Iraƙi sun riƙe shi a maƙogwaro kamar yadda Balarabe yake yi. Na Turai kuwa, da mafi yawan mutanen Isra'ila a yau, suna furta shi kamar ha mai ruwa (خ). Turanci ba shi da ko ɗaya daga cikin sautukan nan biyu. Sai wasu suka ɗauki H tunda shi ne mafi kusa a bakin Bature, wasu kuma suka ɗauki Ch, domin da shi Jamusanci yake rubuta wannan sauti na maƙogwaro, kuma Yahudawa da yawa da suka zauna a Ingila da Amurka daga Jamus da gabashin Turai suka fito. Saboda haka Ch ɗin nan ba "ca" ba ne sam. Ki ce Hanuka, in za ki iya ɗan kaurara ha ɗin ya fi kyau.

Sai batun k biyu. Idan aka sa wa kalmar wasula, akwai ɗigo a cikin harafin kaf, sunansa dagesh, aikinsa aikin shadda ne, wato ƙarfi. Mai rubuta kk wannan ɗigon yake kiyayewa. Mai rubuta k ɗaya kuma kunnensa ya bi, tunda a Ibranancin yau an daina ninka baƙin a furuci. H ɗin ƙarshe shi ma harafi ne da ake rubutawa ba a furtawa, alamar tamata, kusan matsayin ta kuri (ة) idan aka tsaya a kanta. Wani ya sa shi, wani ya bar shi.

Inda ba ni da sassauci shi ne n biyu, irin su Hannukah da Channukah. Nun ɗin ba shi da ƙarfi, babu wata hujja ta ninka shi. Mutum ne ya tuna akwai baƙin da ake ninkawa, ya manta wanne ne. Wannan ki guje shi.

In kin lissafa wuraren saɓanin, H ko Ch, n ko nn, k ko kk, a ko ah, biyu sau biyu sau biyu sau biyu kenan, ya ba da 16. Kuma ba su ƙare ba, don cibiyar YIVO da aka kafa a Vilna a 1925, mai kula da Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai, Khanike take rubutawa bisa lafazin Yidish.

Baban Sadik:

Malam ya gama da ɓangaren haruffa. Ni abin da zan ƙara shi ne abin da na lura da shi a nan Niyok: zaɓin harafin farko yakan nuna daga wane gida rubutun ya fito. Jaridu da ofisoshin gwamnati da makarantu Hanukkah suke rubutawa, shi ne na littafin ƙa'idar rubutu na kamfanin dillancin labarai na AP, shi ne kuma ƙamus ɗin Merriam-Webster ya sa a gaba. Amma masu riƙo da addini sosai, musamman 'yan Chabad, wata ƙungiyar addini ta Yahudawa, da suke kafa manyan fitilu a dandali, Chanukah za ka gani a motocinsu da takardunsu. A can wajenku ma taron da ake yi a dandalin Trafalgar a Landan da Ch ake rubuta sunansa, kuma jaridar Jewish Chronicle a da ta daɗe tana amfani da Chanucah, da c a tsakiya.

Shawarata, Hajiya, ki duba gidan nata. Kalandar da ke bango, takardar majami'a da ke kan tebur, katunan jikokinta. Abin da kika gani a nan shi za ki kwafa. Tunda kin ce allon majami'ar unguwar Chanukah ya rubuta, ni da shi zan tafi. In kina so ki ƙara armashi ki rubuta Chanukah Sameach, wato barka da biki. Ch ɗin ƙarshen Sameach ma wancan het ɗin ne dai.

Ki kuma tabbatar da ranar, don ba ta tsayawa wuri ɗaya a kalandar Turawa. A tasu kalandar 25 ga watan Kislev ne kullum, ana farawa da faɗuwar rana a jajibere, a yi kwana 8. A 2013 ranar farko ta faɗo 28 ga Nuwamba, a 2024 kuma da yammacin 25 ga Disamba aka kunna fitilar farko. In za ki haɗa da abin ci, ki nemi mai tambarin kosha, wato halal ɗin Yahudawa.

Anti Laraba:

Mu a coci mun san bikin nan ta wata hanya. A Bisharar Yohanna 10:22 an ambaci idin keɓe Haikali a Urushalima, lokacin hunturu, to shi ne wannan. Sarki Antiyokus na Huɗu ya ƙazantar da Haikalin a shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, Yahuza Makabi da mutanensa suka ƙwato shi suka sake keɓe shi a 164. Ma'anar sunan kenan, keɓewa ko ƙaddamarwa. Labarin man fitilar Haikalin, wanda na kwana ɗaya ne amma ya ci kwana 8, daga Talmud ya zo, littafin malaman Yahudawa.

Amma Malam, ni ina da ja a wuri ɗaya. Ka ce a ce Hanuka. In da Hausa za mu rubuta, ai mu muna ninka baƙi da gaske, bakinmu ya bambanta "baba" da "babba". Me zai hana mu rubuta Hanukka mu furta shi da ƙarfinsa? Faransawa sun rubuta Hanoucca, masu Sifaniyanci sun rubuta Janucá, kowa ya bi tsarin harshensa bai jira Turanci ba.

Malam Sabi'u:

Anti, na karɓa, a rubutun Hausa Hanukka ya fi dacewa. Abin da na faɗa wa Hajiya na furuci ne a gaban dattijuwar, don k ɗaya za ta ji a bakin jikokinta. Amma a takarda ƙarfin yana nan a asalin kalmar, harshenmu kuma yana iya ɗaukarsa, h ɗin ƙarshe ne kawai ba mu da buƙata. Ch kuwa kada ya shigo rubutun Hausa ko kusa, mai karatu "Canuka" zai ce.

Tunda kin kawo ma'anar, bari in ƙara abin da ya daɗe yana burge ni. Tushen kalmar baƙaƙe uku ne, het da nun da kaf. Daga nan aka samo hinnukh, wato tarbiyya da ilimi, da sunan Hanok, wanda Turawa suke kira Enoch. Masu ƙamus ɗin Ibrananci sun daɗe suna danganta tushen da kalmar ganɗa, suna kuma kawo Larabci a matsayin shaida: tahnik, wato a tauna dabino a shafa wa jariri a ganɗarsa. A Larabcin da ha ƙarami ake rubuta shi. Wannan ne ya sa ni a karan kaina na fi karkata ga H, ko da yake ga katin dattijuwar ina tare da Baban Sadik, Hajiya ta bi abin da ke kan kalandar gidan.